IDAN SHAFIN IKILISIYA YANA KAI BAƘI WANI WURI: YADDA ZA A GANO ƁOYAYYEN KUTSE

(Jawabin da aka gabatar wa dattawa, sakatarori da shugabannin matasa na ikilisiyoyin Samaru da Sabon Gari, Zariya)

 

Kan maganar da aka ba ni shi ne shafin ikilisiya na intanet da abin da kan same shi a ɓoye. Na san wasu dattawa za su ce wannan maganar yara ce, a bar wa 'yan jami'a. Gaskiya ne matasa ne za su taɓa kwamfutar. Amma sunan da ke saman shafin na ikilisiya ne, lambar asusun da ke ciki ta baikonmu ce, kuma dattawa za a tambaya idan abu ya lalace. Saboda haka zan yi magana yadda dattijo zai san abin da zai tambaya, matashi kuma ya san inda zai duba.

1. MECE CE MATSALAR?

Kutsen da ake yi wa shafi iri biyu ne. Akwai wanda kowa ke gani. Ranar 28 ga Maris 2015, ana cikin zaɓen shugaban ƙasa, masu kutse sun shiga shafin hukumar zaɓe ta INEC suka maye fuskarsa da nasu saƙon. A watan Disamba 2024 shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma ya gamu da kutse, har hukumar ta sanar da jama'a. Irin wannan yana da sauƙi ta wani gefe, domin mai shafi ya sani nan take.

Na biyun shi ne maganarmu ta yau. Mai kutsen ba ya taɓa hoton majami'a, ba ya goge wa'azi. Yakan dasa 'yan layukan umarni a cikin shafin, waɗanda aikinsu shi ne su ɗauki baƙo su jefa shi wani shafi dabam. Wannan shi ne karkatarwa. Mutum ya latsa sunan ikilisiya yana neman lokacin sujada, sai ya tsinci kansa a shafin caca, ko na batsa, ko shafin da ke ce masa ya ci kyautar waya ya sa lambar katin bankinsa.

A ce baƙo ya sauka a Kwangila, ya hau babur ya ce a kai shi majami'armu. A bakin ƙofa akwai wani mutum a tsaye. Idan ya ga fasto ko dattijo, sai ya rusuna ya buɗe ƙofa. Idan ya ga baƙuwar fuska, sai ya ce, "Ai sun tashi, biyo ni," ya kai shi gidan caca, a biya shi ladansa. Mu da ke ciki ba za mu taɓa ganin laifinsa ba, sai dai mu lura baƙi sun daina zuwa. Haka wannan kutse yake aiki.

Ina so dattawa su riƙe abu ɗaya tun yanzu. Mu da muke tsiraru a inda muke zaune, da abu ya same mu zuciya kan yi saurin cewa ƙiyayya ce aka yi mana. A wannan irin kutse, yawanci ba haka ba ne. Masu yinsa kuɗi suke nema, domin ana biyansu a kan kowane mutum da suka tura. Suna sakin manhajoji da ke zagaya intanet dare da rana suna gwada ƙofofi, ba ruwansu da shafin coci ne, na masallaci ne, ko na mai sayar da taki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada mu ɗora wa maƙwabci laifin da na'ura a wata ƙasa ta yi.

Bangonmu kuwa yakan tsage. A rahoton da kamfanin tsaron kwamfuta na Symantec ya fitar a 2012, an gano cewa a cikin shafukan da suka kamu, na addini da aƙida suna ɗauke da mugayen manhajoji ninki uku na abin da ake samu a shafukan batsa. Dalilin ba boyayye ba ne a wurinmu. Ɗan'uwa mai himma, sau da yawa ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ke gina mana shafi kyauta. Ya gama karatu, ya tafi bautar ƙasa, shafin ya zauna shekara uku ba wanda ya sabunta shi.

2. ME YA SA SAKATARE BA YA GANI?

Ga yadda abin kan faru. Wata uwa ta zo bayan sujada ta ce, "Baba, na buɗe shafin coci ya kai ni wurin banza." Aka kira sakatare, ya buɗe a kwamfutar ofis, komai lafiya. Sai a ce mata wayarta ce, ko jikokinta ne suka yi latse-latse. Ta tafi da kunya, ba ta ƙara faɗa ba. Alhali kuwa mai yiwuwa ita ce mai gaskiya, domin an gina umarnin ne musamman don ya ɓuya wa mai shafi. Kafin ya karkatar da mutum yakan duba abubuwa huɗu:

(a) Daga ina mutumin ya fito? Wanda ya rubuta adireshin da hannunsa ɗan gida ne, sai a ƙyale shi. Wanda ya zo ta Google ko Facebook baƙo ne.

(b) Da me ya shigo? Sau da yawa masu waya kaɗai ake kamawa, a bar masu kwamfuta.

(c) Ya taɓa zuwa? Shafi kan ajiye wata 'yar alama a cikin wayar mutum, wadda ake kira kuki. Idan umarnin ya ga ya riga ya karkatar da kai sau ɗaya, ba zai sake ba. Shi ya sa uwar nan ba ta iya nuna wa kowa abin da ta gani.

(d) Mai kula da shafin ne? Duk wanda ya shiga da kalmar sirri ta mai kula, ba a taɓa shi.

Ba zato nake faɗa muku ba. A watan Maris 2024 kamfanin Sucuri ya ba da labarin wata muguwar manhaja mai suna Sign1 da ta kama shafuka sama da 39,000 cikin wata shida. Tana duba ko baƙo ya fito daga Google, Facebook, Yahoo ko Instagram, tana kuma amfani da kuki don kada ta nuna wa mutum ɗaya abin sau biyu. A watan Afrilu 2023 kamfanin ya ƙiyasta cewa wata mai suna Balada Injector ta kama shafukan WordPress sama da miliyan 1 tun daga 2017. WordPress kuwa ita ce manhajar da aka gina sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita a lissafin 2024, kuma ita ce matasanmu suka fi amfani da ita.

Ƙa'ida ta farko ke nan: wanda ya kawo ƙara a saurare shi, a gode masa, a rubuta abin da ya faɗa.

3. TAMBAYOYI KAFIN A TAƁA KOMAI

Kamar yadda muka saba a majalisar dattawa, ba a yanke magana da bakin mutum ɗaya. A tambayi mai ƙara: Wace rana, ƙarfe nawa? A waya ko a kwamfuta? Ka rubuta adireshin ne, ko ka nema a Google, ko ka latsa shi a WhatsApp? Wane adireshi ka gani a sama bayan an kai ka can? Idan ya ɗauki hoton fuskar wayar, a karɓa. A nemi ko akwai wani da ya ga irin haka.

Amsoshin za su raba mana ciwo uku masu kama da juna.

Na ɗaya, wayar mutumin ce ba ta da lafiya. Alamarsa ita ce tallace-tallacen suna fito masa a kowane shafi, har da lokacin da bai buɗe komai ba. Wannan sai a goge manhajar da ya sauko da ita kwanan nan, a kuma rufe izinin sanarwa da ya ba shafukan da bai sani ba.

Na biyu, sunan adireshin ne ya kuɓuce mana. Adireshin shafi haya ce ta shekara-shekara, ko mai ƙarewa da .org ne, ko .org.ng da ke ƙarƙashin kulawar NiRA. Idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, wani yana iya saye ya ɗora abin da ya ga dama. Alamarsa ita ce kowa da kowa, har sakatare, yana ganin baƙon shafi kullum.

Na uku shi ne namu: wasu suna gani, wasu ba sa gani, kuma a shafinmu kaɗai.

4. GWAJI DAGA WAJE: KU ZO KAMAR BAƘI

Tun da ɓarawon ya san fuskar 'yan gida, sai a je masa da fuskar baƙo. Wannan gwaji dattijo ma zai iya tsayawa a yi a gabansa.

A samu wayoyi uku da ba su taɓa shiga shafin ba, a kan layuka dabam-dabam, misali MTN, Airtel da Glo. Kada a yi amfani da intanet ɗin ofishin ikilisiya. A buɗe burauza a taga ta sirri, wadda ba ta riƙe tsofaffin kuki. A nemi sunan ikilisiya a Google, a latsa daga can. A jira kamar rabin minti, a taɓa wurare biyu ko uku a shafin, domin wasu umarnin sai an taɓa suke tashi. A rufe tagar, a sake daga Facebook. Idan an faɗa baƙon shafi, a ɗauki hoto a fita. Kada a latsa komai a cikinsa, musamman inda yake neman izinin aiko da sanarwa.

Bayan haka, a cikin akwatin neman Google a rubuta site: a haɗa da adireshinmu ba tare da tazara ba. Google zai jero shafukan da ya sani a ƙarƙashin sunanmu. Idan aka ga rubutun Japananci, ko tallar magani, ko ta caca, an shigo.

Akwai kuma wuraren bincike na kyauta. Sucuri SiteCheck da VirusTotal suna karɓar adireshi su duba. Urlscan.io yana ziyartar shafin a madadinka ya nuna duk inda aka tura shi. Google Search Console, wanda ya kamata kowace ikilisiya mai shafi ta yi rajista da shi, yana da sashen matsalolin tsaro, yana kuma nuna shafin yadda Google ya gan shi. Sai dai ku lura: idan waɗannan suka ce akwai cuta, to a ɗauki maganar da gaske, idan suka ce babu, ba a gama ba. Daga waje suke leƙe, kuma umarnin kan gane su ya kwanta.

Matasa masu hannu su ƙara da wannan. A kwamfuta, maɓallin F12 yana buɗe wurin da ke jero duk abin da shafi ya kira. A duba sunayen adireshin da ba mu sani ba. Da 'yar manhajar curl kuma ana iya yin shigar mai waya da ya fito daga Google. Idan sabar ta amsa da lamba 301 ko 302 tare da baƙon adireshi, karkatarwar daga sabar take. Idan ta amsa da 200, shafin ya buɗe tukuna ya yi tsalle, to umarnin JavaScript ne a cikin shafin. Wannan bambanci shi ke nuna ɗakin da za a fara bincike.

5. BINCIKE DAGA CIKI

Kafin a goge ko layi ɗaya, a kwafe shafin duka yadda yake, da fayiloli da rumbun bayanai, a ajiye gefe. Shaida ce. Sannan a bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya.

Fayil ɗin .htaccess. Shi ne mai gadin ƙofa a sabar da yawa. A nemi layukan da ke ambatar HTTP_REFERER ko HTTP_USER_AGENT tare da sunan google ko android, sannan baƙon adireshi ya biyo baya. A sauka har ƙasa, domin sukan tura umarnin bayan ɗaruruwan layuka marasa komai. A tuna kuma fayil ɗin yana iya kasancewa a jaka fiye da ɗaya.

Fayilolin da ke tashi a kowace ziyara: index.php, wp-config.php, da functions.php da header.php na rigar shafin, wato tsarin da ke ba shi kamanninsa. Mugun umarni ba ya zuwa da rubutu mai karantuwa. Za a ga dogon layin haruffa da lambobi a cakuɗe, kusa da kalmomi kamar eval, base64_decode ko fromCharCode. Ba duk inda suka fito ne cuta ba, don haka hanya mafi tabbaci ita ce a sauko da sabon kwafin WordPress mai lamba ɗaya da namu, a gwada fayil da fayil.

Jakar hotuna, wato uploads. Hotuna da takardu ne ya kamata su zauna a can. Fayil mai ƙarewa da .php a cikinta abin tuhuma ne.

Rumbun bayanai. A teburin wp_options a tabbata siteurl da home adireshinmu suke ɗauke da shi. A nemi kalmar script a cikin rubuce-rubucen shafin da akwatunan gefe. Sign1 a irin waɗannan wurare take zama, shi ya sa mai duba fayiloli kaɗai zai iya wuce ta.

Jerin masu kula da shafi. Duk sunan da dattawa ba su sani ba a tambaya. Balada Injector takan ƙirƙiro wa kanta mai kula na bogi.

Ƙananan manhajojin da ake ɗora wa shafi, waɗanda masu aikin ke kira fulogin. Ta nan yawancin ɓarayin ke shiga. A duba waɗanda suka tsufa, da waɗanda ba wanda ya tuna ya sa su. A tambayi magini kai tsaye ko akwai rigar shafi ko fulogin na kuɗi da aka sauko da su kyauta daga shafin 'yan fashin manhaja. Irin waɗannan sukan zo da cutar a cikinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da shafin ke arowa daga waje. A watan Fabrairu 2024 wani kamfani mai suna Funnull ya sayi adireshin polyfill.io, wanda shafuka sama da 100,000 ke aro umarni daga gare shi. A watan Yuni na shekarar kamfanin Sansec ya bayyana cewa ana amfani da shi ana karkatar da masu waya zuwa shafin caca. Ba a fasa ko ɗaya daga cikin shafukan ba, abin da suka aro ne ya lalace. Don haka a jero duk adireshin waje da shafinmu ke kira, a cire wanda ba a bukata.

A ƙarshe, a roƙi kamfanin da ya ba shafin masauki ya ba da rajistar shige da fice ta sabar. A haɗa ta da ranakun da aka canza fayiloli, sau da yawa za a ga ranar da aka shigo da ƙofar da aka bi.

6. GYARA

Samun layin da ke karkatarwa rabin aiki ne. Mai kutse kan bar wa kansa ɓarauniyar hanya, wani lokaci fiye da ɗaya, har da aikin da aka saita wa sabar ta riƙa maimaitawa da kanta. Shi ya sa ake share shafi da safe, da yamma cutar ta dawo. Gyaran da ke riƙewa shi ne: a rufe shafin na ɗan lokaci, a sake ɗora WordPress da riga da fulogin daga asalin masu su, a tsabtace rumbun bayanai, a cire baƙin masu kula, a sabunta komai. Sannan a canza kowace kalmar sirri, ta shafi, ta masauki, ta rumbun bayanai da ta imel, daga kwamfuta mai tsabta. Idan masaukin yana ɗauke da wasu shafuka, kamar na makarantar ikilisiya, a duba su ma, domin cutar na tsallakawa. Bayan haka a maimaita gwajin wayoyi uku har mako biyu. Idan Google ya riga ya sa wa shafin jan gargaɗi, ana neman ya sake dubawa ta Search Console.

7. ABIN DA KE WUYAN DATTAWA

Na farko, a faɗa wa jama'a gaskiya. A yi sanarwa ranar Lahadi da kuma a rukunin WhatsApp cewa kada a shiga shafin sai an ji daga gare mu. Duk wanda ya sa lambar katinsa ko lambar sirrinsa a baƙon shafi ya je bankinsa nan da nan a rufe katin. Ma'aji ya tabbata lambar asusun baiko da ke shafin ba a canza ta ba. Ɓoye maganar don gudun kunya yana ƙara yawan waɗanda za a cuta.

Na biyu, akwai doka. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta bukaci a kai rahoton kutse ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, cikin awa 72. Idan shafin yana riƙe da sunaye da lambobin wayar membobi, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta shafe mu.

Na uku, mabuɗai. Ina roƙon kowace majalisar dattawa, a zamanta na gaba, ta samo amsar waɗannan a rubuce: Da sunan wa aka yi rajistar adireshin, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare? Wane kamfani ne ya ba mu masauki? Mutum nawa ke da kalmar sirri, kuma akwai wanda ya bar gari a cikinsu? Yaushe aka sabunta shafin, kuma ina kwafin ajiyarsa na ƙarshe? A mayar da rajistar kan imel na ikilisiya, a sa tabbaci mai mataki biyu, a ajiye bayanan tare da takardun fili. A naɗa mutum biyu, ɗaya mazaunin gari ne wanda ba ya shirin tashi. A sa kuɗin kula da shafi a kasafin shekara kamar yadda ake sa na fitila da na mai gadi.

Na huɗu, idan ikilisiya ba ta da mai kula, babu laifi a sauke shafin, ko a mayar da shi shafi ɗaya mai sauƙi da ke ɗauke da adireshi da lokutan sujada. Amma a ci gaba da biyan hayar sunan, don kada wani ya ɗauka.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, a Samaru da Sabon Gari idon maƙwabta yana kanmu, kuma ɗalibin da ya zo Zariya sabo a waya yake fara neman wurin sujada kafin ya tambayi kowa. Abin da ya gani da ya latsa sunanmu, da shi zai auna mu. Ina roƙo kada wannan mako ya ƙare ba a yi gwajin wayoyi uku a kowace ikilisiya ba, sakatare kuma ya kawo sakamakon gaban dattawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye ikilisiyarsa. Amin.